Yadda Ake Zagaya Gaɓar Teku da Kwazazzaban Yammacin Tsibirin Kirit a Mako Guda

Kirit shi ne tsibiri mafi girma a ƙasar Girka. Tsawonsa daga gabas zuwa yamma ya kai kimanin kilomita 260, kuma jerin duwatsu sun raba shi gida biyu: arewa mai birane da babban titi, da kudu mai ƙananan ƙauyuka da hanyoyi masu kwana-kwana. Mai mako guda a hannu ba zai gama tsibirin ba, in kuwa ya nace, a cikin mota hutunsa zai ƙare. Abin da ya fi shi ne ya tsaya a yamma, yankin birnin Haniya, wanda za a gani a taswira da allunan hanya an rubuta Chania ko Hania. A nan gaɓoɓin Balos da Falasarna da Elafonisi da kwazazzabon Samariya suke, kuma babu wanda ya wuce tafiyar awa biyu daga birnin.

Abu biyu ne ke juya wannan tafiya: iska da agogo. Wanda ya tsara ranakunsa tun daga gida, ya ce Litinin nan, Talata can, ba tare da ya duba iska ba, zai je wuri mai kyau a ranar da ba ta dace ba.

Mataki na farko: lokaci, biza da hanya

Watannin da suka fi dacewa su ne Yuni da Satumba zuwa farkon Oktoba. A Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso da tsadar masauki, kuma a lokacin ne iskar arewa da mutanen wurin ke kira meltemi take kan ganiyarta. A Mayu ƙasa kore shar, duwatsu cike da furanni, amma ruwan teku bai gama ɗumama ba, yana wajen digiri 19 zuwa 20. A Satumba kuwa yana wajen 25. Mai son shiga ruwa ya zaɓi Satumba, mai son tafiyar ƙafa ya zaɓi ƙarshen Mayu ko Yuni.

Mai fasfon Nijeriya ko Nijar sai da bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga ƙasashen Turai da dama, har da Girka. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. A aikace, a ba da tazarar wata biyu, domin a lokacin hutun bazara samun ranar ganawa ma aiki ne. Ana buƙatar fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa da shafuka biyu da ba a buga wa hatimi ba, da inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin dawowa da bayanan asusun banki.

Ana zuwa Atina, babban birnin Girka, ta Alƙahira ko Istanbul ko Addis Ababa. Daga Atina zuwa Haniya jirgin sama bai cika kai awa guda ba. Akwai kuma jirgin ruwa na dare daga tashar Piraeus ta Atina zuwa Souda, kusa da Haniya, wajen awa tara. A lokacin bazara agogon Girka yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa biyu.

Mataki na biyu: mota ko bas, da inda za a kwana

A hannun dama ake tuƙi, kamar a gida. Kamfanonin hayar mota suna neman lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na asali, kuma yawancin ƙananan motocinsu masu giyar hannu ne. Mai son otomatik ya nema da wuri. Kafin ka karɓi makulli ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe, har tayoyi da gilashi, ka kuma tambaya ƙarara ko inshorar ta rufe taya da ƙarƙashin mota. Galibi ba ta rufe ba, kuma kusan duk yarjejeniyar haya ta hana hawa hanyar da ba kwalta. Wannan zai yi tasiri idan aka zo maganar Balos.

A babban titin arewa direbobi suna da wata al'ada: mai tafiya a hankali yakan matsa kafaɗar titi ya bar na baya ya wuce. Ka yi hakan inda kafaɗar ke da faɗi kuma kana ganin gabanka, ba a kan kwana ba. Kafin ka juya kudu ka cika tanki, saboda gidajen mai a cikin duwatsu ba su da yawa. A gangara mai tsawo ka sa giya ta biyu, injin ya riƙe motar. Wanda ya danne birki tun daga sama har ƙasa zai ji wari, birkin ya yi laushi a daidai inda ake bukatarsa.

Wanda ba ya son tuƙi ba zai rasa komai ba. Motocin bas na haya na kamfanin KTEL suna tashi daga tashar Haniya zuwa Kissamos da Falasarna da Elafonisi da bakin Samariya a lokacin bazara. Aibinsu ɗaya: suna kai ka tare da kowa, a sa'ar da wuri ya fi cika.

Masauki a raba shi: dare uku a Kissamos, wajen kilomita 40 yamma da Haniya, domin gaɓoɓin yamma, dare biyu ko uku a Haniya domin Samariya, sauran a kudu, Plakias ko Hora Sfakion.

Mataki na uku: karanta iska kowane dare

Girkawa da ma'aunin bofor suke maganar iska, kuma haka za ka gani a shafin meteo.gr. Bofor 3 zuwa 4 lafiya lau. Bofor 5, wato kilomita 29 zuwa 38 a awa, igiyar ruwa ta fara tashi, yashi na dukan ƙafa. Daga 6 zuwa sama ƙananan jiragen ruwa na iya fasa fita. Ka duba ƙarfinta, ka duba kuma ta ina take busowa. Iskar arewa ko arewa maso yamma tana tayar da ruwa a Falasarna da duk gaɓar arewa. A irin wannan rana ruwan kudu yakan kwanta a bakin gaɓa, sai dai iskar tana gangarowa daga duwatsu da ƙarfi ta nufi cikin teku, kuma ita ce ke kwashe katifar roba da balan-balan na yara ta yi nisa da su. Kada a ɗora yaro a kan abin hurawa ranar da iska ke busawa daga tudu zuwa ruwa.

Ranar da ta fi kowace kwanciya a ba Balos. Ranar da ba a hasashen ruwan sama ko matsanancin zafi a ba Samariya. Sauran wuraren su cike gurbi.

Balos

Balos wani tafki ne na ruwan teku marar zurfi a ƙarshen zirin Gramvousa, arewa maso yammacin tsibirin, inda farin yashi ya haɗa gaɓa da wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai. Hanya biyu ce.

Ta ƙasa: daga Kissamos zuwa ƙauyen Kaliviani, daga nan hanyar burji ce mai duwatsu ta wajen kilomita takwas a gefen tsauni, teku na ƙasa, ba shinge. Ana karɓar ɗan kuɗin shiga a farkonta, sai a riƙe canji. Minti 30 zuwa 40 take ci idan ana tafiya a giya ta ɗaya da ta biyu, kuma haka ya kamata, domin duwatsu masu kaifi ne ke yanka gefen taya. In taya ta fashe ko ƙarƙashin mota ya bugu, kuɗin gyara a aljihunka yake. Daga wurin ajiye motoci sai tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30, rabinta gangara ce a kan matakalar dutse. Daga saman wannan matakala ne ake ganin tafkin gaba ɗaya da launukan ruwansa, kuma wannan kallo shi ne ribar zuwa ta ƙasa. Hawan dawowa ya fi wuya, babu inuwa ko ta taku ɗaya. A iso wurin ajiye mota kafin ƙarfe tara na safe, a fara hawowa kafin sha biyu ko a jira bayan la'asar. A ɗauki ruwan sha lita biyu ga kowane mutum, da lema, da takalmi kambas. Silifas na sulɓi a kan ƙurar matakala. Awaki suna yawo a wurin, kuma sun san jakar abinci.

Ta ruwa: jirage suna tashi daga tashar Kissamos da hantsi, su tsaya a tsibirin Imeri Gramvousa, sannan su wuce Balos, su dawo da yamma. A saman Gramvousa akwai kagara da mutanen Benis, birnin da ke Italiya a yau, suka gina tsakanin 1579 da 1584, a tsayin mita 137. 'Yan tawayen Kirit sun kama ta a 1825, daga baya yunwa ta mai da su 'yan fashin teku. Hawanta minti 20 ne a rana tsaka. Jirgi ya fi dacewa da mai yara ƙanana da dattawa da duk wanda ba ya son rigima da kamfanin haya, amma ɗaruruwan mutane ake saukewa a lokaci guda, kuma wanda ya makara jirgi ba ya jiransa.

Cikin tafkin ruwan iyakarsa idon sawu zuwa gwiwa, yana da ɗumi. Ta ɓangaren buɗaɗɗen teku kuwa akwai duwatsu a ƙasa kuma zurfi yana ƙaruwa. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a tafkin.

Falasarna

Minti 20 zuwa 25 ce daga Kissamos, kwalta har bakin ruwa. Babbar gaɓar, Pachia Ammos, faɗinta ya isa kowa ko a Agusta. Tana fuskantar yamma sak, don haka da yamma ake zuwa, a ga faɗuwar rana a cikin teku. Ranar iska a dubi tutar mai gadin ruwa. Ja na nufin kada a shiga, ko da ana ganin wasu a ciki. Idan ruwa ya ja mutum zuwa ciki, kada ya yi kokawa da shi ya nufi gaɓa kai tsaye, nan ƙarfi ke ƙarewa. Ya yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga bakin jan, sannan ya juyo.

A arewacin gaɓar akwai kangon tsohuwar tashar jiragen ruwa, wadda yanzu take a busasshiyar ƙasa. Girgizar ƙasa ta shekarar 365 ce ta ɗaga yammacin Kirit da mitoci da dama.

Elafonisi

Wajen kilomita 75 ce daga Haniya, amma a ƙiyasta awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Hanyar tana bi ta kwazazzabon Topolia, inda aka huda dutse aka yi siririyar hanya da danja ke ba kowane ɓangare hannu bi da bi. Manyan bas-bas na masu yawon buɗe ido suna cin kwana da faɗi, sai a rage gudu a kowace kwana makauniya. Daga Kissamos ta fi kusa.

Yashin Elafonisi yana da ratsin ruwan hoda, wanda ke fitowa daga niƙaƙƙen ɓawon wasu ƙananan halittun teku masu jan ɓawo. Kada a yi tsammanin duk gaɓar haka take. Siririn layi ne a inda ruwa ke lasar yashi, wata rana ya fito sosai, wata rana da ƙyar, gwargwadon yadda iska da igiya suka tara shi. An hana ɗibar yashin, kuma akwai tara. Ana ajiye mota nesa da ruwa, a taka wajen minti 10 zuwa 15.

Dabarar wurin ita ce kada a tsaya a inda aka jera gadaje da lemomi. A ɗaura jaka a kafaɗa a ratsa ruwan, wanda galibi bai wuce gwiwa ba, zuwa ɗan tsibirin da ke gaba. A can babu gadaje, babu shago, mutane kuma suna raguwa da kowane taku. An kewaye tuddan yashi da igiya saboda tsirran da ke riƙe su, kada a tsallake. A zo kafin ƙarfe goma ko bayan huɗu. Ranar iska mai ƙarfi a fasa, domin wurin a buɗe yake, yashi zai shiga ido da abinci. A hanyar komawa gidan ibadar Chrysoskalitissa na kan wani dutse kilomita biyar arewa, ana shiga da suturar da ta rufe kafaɗa da gwiwa.

Samariya

Wannan ita ce rana mafi wuya, kuma ita ce ta fi bukatar shiri. Kwazazzabon yana cikin jerin tsaunukan da ake kira Fararen Duwatsu, gandun ƙasa ne tun 1962. Tafiyar kilomita 16 ce: 13 a cikin gandun, uku daga ƙofar fita zuwa ƙauyen Agia Roumeli a bakin Tekun Libiya. Ana farawa a Xyloskalo, sama da mita 1,200 daga matakin teku, a ƙare a bakin ruwa. Ana buɗe shi daga wajen farkon Mayu zuwa ƙarshen Oktoba, kuma ana rufewa a duk ranar da ake tsoron ruwan sama ko iska ko tsananin zafi, saboda ruwa na gangaro da duwatsu daga sama. A tabbatar da buɗewarsa da yammacin jajibere.

Kada ka je da motarka. Babu titin da ya isa Agia Roumeli, jirgin ruwa ne kaɗai ke fitar da mutane, kuma zai sauke ka nesa da inda ka bar motar. Ka hau bas ɗin farko na asuba daga Haniya, ka sayi tikitin dawowa daga Hora Sfakion ko Sougia, inda jirgin ke sauke mutane, tun a tashar. A sama da sassafe akwai sanyi ko a Yuli, sai a sa riga mai dogon hannu marar nauyi. Tikitin shiga gandun a adana shi, ana karɓa a ƙofar fita domin a san ko wani ya rage a ciki.

Kilomita uku zuwa huɗu na farko gangara ce mai tsanani a kan duwatsun da ƙafafu suka goge suka yi santsi, har zuwa ƙaramar majami'ar Agios Nikolaos. A nan mafi yawan raunuka ke faruwa, kuma gaggawa ce ke jawo su. A yi gajeren taku, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a riƙe sanda. A yanke farce tun dare, a ɗaure takalmi tamau ta wajen idon sawu, in ba haka ba yatsu za su yi ta dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. Sabon takalmi kuwa bororo zai kawo kafin rabin hanya. Wanda ya ji gwiwarsa ta gaza a wannan sashe gara ya koma sama tun da wuri, domin gaba babu mota.

Wajen kilomita na bakwai akwai kangon ƙauyen Samariya, wanda aka tashi mutanensa lokacin da aka kafa gandun. Akwai inuwa da banɗaki da ruwa, kuma a nan aka fi ganin kri-kri, akuyar dajin Kirit. A ci abinci a nan, a huta minti 20, kada a wuce haka, ƙafa na sandarewa. Ruwan sha ba matsala ba ne, akwai maɓuɓɓugai a wuraren hutawa, gora ɗaya ta lita guda ta isa a riƙa cikawa. Abinci ne ba a sayarwa a ciki: a riƙo burodi da cuku da dabino da gyaɗa mai gishiri.

Daga ƙauyen hanya ta shiga tsakiyar rafi, a kan tsakuwa da ƙananan gadojin katako, ganuwar dutse na matsowa ta kowane gefe. Wajen kilomita na 11 ake isa Ƙofofi, inda faɗin kwazazzabon bai wuce mita uku zuwa huɗu ba, tsayin ganuwar kuma ya doshi mita 300. Inda aka sa alamar faɗowar duwatsu a wuce da sauri, ba wurin ɗaukar hoto ba ne. An hana wanka a rafin, da kwana a ciki, da kunna wuta.

Matsakaicin mutum yana gamawa a awa biyar zuwa bakwai. Jirgin ƙarshe yana tashi wajen biyar da rabi na yamma, kuma bas na jiran isowarsa a ɗaya gefen. Da isa Agia Roumeli a fara sayen tikitin jirgi kafin abinci ko wanka. Wanda ya rasa jirgin sai ya kwana a Agia Roumeli. Gaɓar ƙauyen baƙar tsakuwa ce mai ƙona tafin ƙafa da rana, kuma ruwan yana zurfi bayan 'yan taku kaɗan.

Mai ciwon gwiwa ko zuciya, ko mai yara ƙanana, ya tafi kwazazzabon Imbros a maimakonsa: kilomita takwas, awa biyu zuwa uku, yana ƙarewa a ƙauyen Komitades kusa da Hora Sfakion, inda ake samun mota ta mai da mutum sama.

Preveli da tafkin Kournas

Kudu da birnin Rethymno, kogin da ya ratso kwazazzabon Kourtaliotiko yana shiga teku a Preveli, gefensa biyu cike da bishiyoyin dabinon Kirit. Ɗan'uwan dabinon da muka sani ne, sai dai 'ya'yansa ƙanana ne, ba a damu da cinsu ba. Gobara ta cinye kurmin a Agustan 2010, amma bishiyoyin sun sake tohowa. Daga wurin ajiye mota na sama matakala ce mai tsayi, minti 15 zuwa 20 a sauka, ninkinsa a hawa. Mai gudun hawan ya shiga jirgi daga Plakias. Ruwan kogin ya fi na teku sanyi sosai.

Kournas, kusa da garin Georgioupoli da ke gaɓar arewa, shi ne kaɗai tafkin ruwan daɗi na asali a Kirit. Awa biyu ta ishe shi, kuma ya dace da washegarin Samariya, ranar da ƙafa ba ta son matakala.

Cikin ruwa, kan tebur, da lokacin salla

Inda akwai duwatsu a ruwa akwai bushiyar teku, baƙar dunƙule mai ƙaya. Takalmin roba na shiga ruwa yana maganinta. In ƙaya ta shiga, a cire wadda ta fito da hantsaki, kada a matsa, tana karyewa a ciki. Akwai kuma wani kifi mai dafi da ke binne kansa a yashi. Wanda ya taka shi ya tsoma ƙafar a ruwan zafi iyakar yadda zai iya jurewa na aƙalla minti 30, zafi na karya dafin, sannan ya nemi kantin magani ko asibiti. Lambar gaggawa 112 ce, ta masu tsaron teku 108. Baƙar fata ma tana ƙonewa a wannan rana, musamman kafaɗa da hanci da bayan wuya, sai a shafa man kariya mai lamba 50, a sake bayan kowace fitowa daga ruwa.

Gaɓar teku a Girka ta kowa ce. Gado da lema ne na haya, shimfiɗa tabarmarka a fili kyauta ne. Mace na iya shiga ruwa da kayan iyo masu rufe jiki, amma kada a shiga da doguwar riga mai faɗi ko zane, suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa. Mai iyali ya sani cewa a wasu keɓaɓɓun gaɓoɓi, irin su Glyka Nera da ke tsakanin Loutro da Hora Sfakion, akan tarar da masu wanka tsirara.

Tsiren souvlaki da naman gyros galibi na alade ne sai in an ce na kaza ne, haka ma apaki, kyafaffen naman Kirit. A tambaya kafin a yi oda. Gasasshen kifi, da dakos, wato busasshen burodin sha'ir da tumatir da cuku da man zaitun, da dafaffen ganye, da wake, duk suna ko'ina. Bayan cin abinci akan kawo ƙaramar kwalba ta ruwa garai-garai kyauta: raki ce, barasa mai ƙarfi. Ana iya mayarwa da godiya, ba wanda zai ji haushi.

Masallacin Kucuk Hasan da ke tsohuwar tashar Haniya, na zamanin Daular Usmaniyya, yanzu zauren baje koli ne, ba a salla a cikinsa. A riƙe ƙaramar darduma a jaka. Alƙibla daga Kirit tana kudu maso gabas, ruwan teku kuma yana halatta alwala. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi, don haka a sauke jadawalin salla na Haniya a waya tun a masauki, saboda a cikin Samariya ba a dogara da sabis. Banɗakunan wuraren nan ba su da buta, sai a ware gorar roba guda domin haka, takarda kuma a kwandon gefe ake jefa ta, saboda bututan ƙanana ne, suna toshewa.